Kangayen Haɗeja: Laifin Ruwa Ne Ko Na Mutum?

A wannan makon labarin wata tafiya muka kawo muku, wadda muka yi zuwa Haɗeja a Jihar Jigawa, mu huɗu, dukanmu ɗaliban jami'a 'yan aji biyu.

Gardama ce ta kai mu. Wata rana a aji malaminmu ya nuna mana hotuna biyu. Na farko birnin Fomfeyi ne na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya. Na biyu Hiroshima ce ta ƙasar Japan, bayan Amurka ta jefa mata bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta, 1945. Sai ya tambaye mu: tsakanin ɓarnar da ruwa da iska da wuta suke yi, da wadda ɗan Adam yake yi da hannunsa, wacce ta fi muni? Aka tashi daga aji ba a raba gardamar ba, muka ɗauke ta har ɗakin kwana.

Biyu daga cikinmu suka ce ta ruwa da iska ta fi, domin su ba a roƙonsu, kuma ba su san yaro ba balle tsoho. Ɗaya ya ce ta mutum ta fi, domin shi da gangan yake yi. Na huɗunmu Bahaɗeje ne, shi dariya kawai yake yi. Da muka matsa masa sai ya ce: "Ku daina wahalar da kanku da Italiya da Japan. In an yi hutu ku zo garinmu, iri biyun duka muna da su. Gani ya kori ji."

Da hutu ya zo muka sayi littafin rubutu, muka ja layi a tsakiyar shafi. A dama muka rubuta "Aikin ruwa da iska", a hagu muka rubuta "Aikin hannun mutum". Yarjejeniyar ita ce duk kangon da muka gani za mu sa shi a gefe ɗaya, ranar dawowa mu ƙirga mu ga wanda ya yi nasara.

Kogin da ya raini gari

Mun tashi daga Kano da sassafe, cikin hazon hunturu, muka bi ta Gujungu. Tun kafin mu isa muka ga ƙasa ta sauya. A wani wuri rairayi ne da goriba da karan gero, kana ɗan gusawa sai ka ga fadama kore shar, ga shinkafa an shanya a gefen titi, ga masu injin ban-ruwa suna ta kai da komo.

Kafin mu shiga batun kango, ya kamata ku san kogin, domin ba a fahimtar Haɗeja sai da shi. Kogin Kano da Kogin Calawa ne suke haɗuwa a Jihar Kano, su bi ta Wudil da Ringim, su gangaro Haɗeja. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai, don haka ruwan ba ya samun gangaren da zai yi gudu. Sai ya rarrabu hannu-hannu, yana ratsa tsakanin jigayi, wato tuddan rairayin da jihar ta samo sunanta daga gare su. Can gaba ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda yake bi ta Gashuwa har Tafkin Cadi. Wannan shimfiɗaɗɗiyar fadama ita ce dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye suke zuwa tun daga Turai su yi hunturu, musamman a wurare irin su Baturiya.

Ruwan nan shi ya tara mutane. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya ne suka fara zama a wurin, daga sunayensu aka sami Haɗeja. Kusa da nan Garun Gabas take, wadda ake dangantawa da Biram ta cikin Hausa Bakwai. Manomi da masunci da makiyayi duka kogin ne abincinsu. Ku riƙe wannan, domin abin da za mu ɗora wa laifi nan gaba shi ne kuma uwar garin.

Ganuwar da ta narke

Washegari abokinmu ya ce mu fara da ganuwa. A zuciyarmu muna tsammanin wani dogon bango ne za mu tsaya a gindinsa mu ɗauki hoto. Muka zaga ta Ƙofar Arewa da Ƙofar Gabas. Sunayen suna nan a bakin kowa, ko ɗan acaɓa ka gaya wa zai kai ka, amma bangon da ya haɗa ƙofa da ƙofa sai an nuna maka inda ya bi. A wani wuri gidaje sun hau kansa. A wani wuri ɗan tudun jar ƙasa ne ya rage, awaki suna hawa suna sauka, yara sun yi hanya ta kansa.

Ganuwar nan ba ƙaramin aiki ba ce. Sarakunan ƙarni na 19, tun daga Sarki Sambo, sun faɗaɗa ta sun ƙarfafa ta, domin zamani ne na yaƙi, garin da ba shi da ganuwa ba ya barci. Da ƙasa aka gina ta, a ka aka ɗauko, da hannu aka ɗora.

Mai riƙe da littafi ya zaro biro ya ce wannan ba gardama, ruwan sama ne ya cinye ta, a sa a dama. Wani dattijo da yake zaune a inuwa yana saƙar igiya ya ji mu. Muka ƙarasa muka durƙusa muka gaishe shi, muka gaya masa abin da ya kawo mu.

"Baba, ashe ba ruwan sama ne ya rushe ganuwar nan ba?"

Ya ɗago ya dube mu ya ce: "Samari, ruwan sama yau ya fara? Tun zamanin kakannin kakanninmu yake dukanta, me ya sa ba ta faɗi ba a lokacin?"

Ya bayyana mana cewa a da, in damina ta wuce, sai a yi gayya. Kowace unguwa da kowane ƙauye da nasu yankin, a kwaɓa ƙasa a toshe inda ya zube. Da Turawa suka ci ƙasar, yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, ganuwa ta rasa aikin yi, gayya ta mutu. Daga nan mai son yin tubali ya zo ya ɗiba, mai son fili ya share ya yi gini. Ruwa ya samu inda aka sassaƙe, ya ƙarasa aikin. Sai bango ya tsage, in ji Hausawa, ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abokinmu mai karatun tarihi ya tuna mana da babban masallacin Jenne a ƙasar Mali. Shi ma da ƙasa aka gina shi, shi ma a fadamar kogi yake, kuma ginin da yake tsaye yanzu tun 1907 ne. Abin da ya riƙe shi shi ne duk shekara mutanen garin suna fitowa, babba da yaro, su yi masa yaɓe. Ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya, amma ɗaya na tsaye, ɗaya ta kwanta. Muka rasa gefen da za mu sa ganuwa, muka bar ta a kan layi.

Ranar 25 ga Afrilu, 1906

Ba a yin maganar ganuwar Haɗeja a tsallake ranar da aka keta ta. Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Haɗeja kuwa ta ƙara shekara uku ba ta sunkuyar da kai yadda Turawa suke so ba. A farkon 1906 aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, inda Turawa suka rasa mutanensu, sannan suka dawo suka shafe garin. Bayan wannan Gwamna Lugga ya ƙudura cewa ba zai bar wani sarki yana ɗaga kai ba. Aka turo runduna daga Kano, sojoji ɗaruruwa, da igwa da bindiga mai ruwan harsashi.

Ranar 25 ga Afrilu, 1906, aka gwabza. Mahayan Haɗeja suka fito da takubba da masu, wasu cikin sulke da lifidi, suka tunkari bindigogin da ba su taɓa karawa da irinsu ba. Aka yi sa'o'i ana faɗa lungu-lungu har zuwa fada. Sarki Muhammadu ya ƙi gudu, aka kashe shi tare da wasu 'ya'yansa da manyan hakimansa da jama'a masu yawa. Shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Abin da ya ƙara sanyaya mana jiki shi ne yawancin sojojin da suka riƙe bindigogin nan baƙaƙen fata ne, har da masu jin Hausa. Hafsoshin ne kawai Turawa. A garin kuma akwai kabarin Kyaftin Filibus, Baturen da Haɗejawa suka laƙaba wa Mai Tumbi.

Mun tsaya a ƙofar fada da yamma, dogarai suna zaune, yara suna wucewa da alluna. Babu wani kango da za ka nuna ka ce ga aikin igwa. An gyara abin da ya rushe, sarauta ta ci gaba har zuwa kan Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau a 2002. Amma ka tsayar da duk wani dattijo ka ambaci Mai Shahada, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Fiye da shekara ɗari ke nan, ciwon bai gama warkewa ba. Nan muka gane cewa akwai kangon da ba a gini yake ba, a zukatan mutane yake.

Don kada mu yi son kai, mai karatun tarihi ya ce mu rubuta har da namu. Sarki Buhari, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 19, jarumi ne da Haɗejawa suke alfahari da shi, domin ya ja da Sakkwato kanta. Amma garuruwan maƙwabta da dawakinsa suka taka ba haka suke tuna shi ba. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa ta Gumel a 1851, ya ambaci irin fargabar da ake ciki a yankin saboda shi. A ƙarshe Buhari ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Badawa a Gogaram. Wannan shafi dai bai ba mu wahala ba, gaba ɗaya hagu muka sa shi.

Kufai a bakin kogi

Rana ta uku muka hau babura zuwa wani ƙauye a gefen kogi, wurin kawun abokinmu. Mun same shi a sabon mazauninsu a kan jigawa, gidaje rabi na kara rabi na bulo. Bayan mun sha fura ya ce mu zo ya nuna mana tsohon gida.

Tafiyar ba ta da nisa. Abin da muka tarar tarin ƙasa ne nan da can, kamar an zubar da yashin gini. Wani wuri dokin ƙofa ne kaɗai a tsaye. Ga duwatsun da aka ɗora rumbu a kansu, rumbun babu. Ga fasasshen turmi, ga murhu, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya ya maƙale a busasshiyar laka. Kawu yana tafe yana nunawa da sanda: nan zaure, nan ɗakin tsohuwa, nan turken awaki. Shi yana ganin gida, mu muna ganin ƙasa.

Ambaliyar 2022 ce ta tashe su. A shekarar nan mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Najeriya, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa, inda hukumomi suka ƙirga rayuka fiye da 100. Kawu ya ce gidan ƙasa ba ya faɗuwa da ƙarfin tsiya. Ruwa yakan kewaye shi ya kwanta, gindin bango ya jiƙa ya yi laushi, sama kuma marka tana zuba. Cikin dare sai ka ji wani ɗaki ya zauna. Su sun yi sa'a sun fita da rai, a kwale-kwale, da 'yan buhunan da suka iya ɗauka. Gero da dawa da suka kusa nuna, da shinkafar fadama, duka suka nutse.

A jikin bangon makarantar firamare, wadda ita ta siminti ce, har yanzu ana ganin layin da ruwa ya tsaya, ya kai ƙirjin dogonmu. Wani ƙanen abokinmu, sa'anku, ɗan aji biyar na sakandare, ya ce littattafansa na shekara uku da takardar haihuwarsa duka sun tafi. Makarantun da ruwa bai ci ba kuma aka mayar da su masaukin waɗanda suka rasa gidaje, aka yi makonni ba karatu. Ku auna da kanku: ace jarrabawa tana gabanku, ga shi ko tabarmar kwana sai an ara muku.

Mai littafi ya ce to wannan kam na dama ne, ko makaho ya shafa ya san aikin ruwa ne. Kawu ya girgiza kai.

"'Ya'yana, ruwa ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu murna suke yi in ya zo, domin shi yake kawo kifi, ya bar mana taki. Sun san lokacin zuwansa, sun san lokacin tafiyarsa, sun san inda yake tsayawa. Na yanzu ne ba mu gane masa ba. Gobe ku shiga kwale-kwale ku ga abin da ya tare masa hanya."

Kacala

Da safe wani masunci ya ɗauke mu. Da farko ruwa a buɗe yake, ana ganin tsuntsaye, ana ganin masu jefa birgi. Ba mu yi nisa ba sai hanya ta tsuke. Dama da hagu wata doguwar ciyawa ce, ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus ko hannu ba ya shiga. Ita ce kacala. Masuncin yana tura kwale-kwalen da gora, wani wuri sai ya sunkuya ya janye ciyawa. Ya nuna mana wani fili da ba a ganin komai sai ita, ya ce nan gonar shinkafar mahaifinsa ce a da.

Abokinmu mai karatun labarin ƙasa ya warware mana yadda abin ya faru, mu ma ga shi mun kawo muku a taƙaice.

A da, kogin yakan cika ya tumbatsa a ƙarshen damina, ya zo da ƙarfi ya wanke hanyarsa, ya kwashe yashi da laka. Da rani kuma ya janye, wurare da yawa su bushe ƙurmus. Kacala ba ta son haka, ita tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnati ta duƙufa wajen tare ruwa. Aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan aka gama madatsar Calawa a 1992. Daga nan tafiyar kogin ta sauya. Babbar cikar da take wanke hanya ta ragu, a maimakonta ana sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Kacala ta samu abin da take so.

Inda ta tsiro, ruwa yakan rage gudu. Inda ruwa ya rage gudu, laka takan kwanta. Inda laka ta kwanta, kacala takan ƙara samun wurin kafa saiwa. A haka wasu hannuwan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ya fi bin hannun Marma da ya nufi Nguru. Sai ga shi wasu ƙauyuka ruwa ya kwanta musu a gona shekara da shekaru, wasu kuma can gaba suna kukan ba ya isowa. To, ranar da aka yi damina mai ƙarfi, madatsu suka cika dole a saki ruwa, ina zai bi? Hanyarsa a cushe take, sai ya nemi ta cikin gari. Ga kuma jan-baki da suke kwana a cikin kacala, da safe su tashi kamar hadari su sauka a kan shinkafa da gero. Ga sauro, ga cutar tsargiya.

Kada ku ɗauka muna cewa madatsun nan sharri ne zalla. Birnin Kano yana shan ruwansu. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura da su ake nomawa. A nan kusa ma akwai aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, wanda aka gyara aka ƙaddamar a farkon 2023, yana ciyar da gidaje masu yawa. Waɗanda suka gina madatsun alheri suka nufa. Sai dai an yi lissafin na sama, ba a gama lissafin na ƙasa ba. A kan wannan kuma sai a ƙara namu na yau da kullum: sare itatuwan da suke riƙe gaɓar kogi, yin gini a kan hanyar ruwa, cika magudana da leda. Ga kuma sauyin yanayi, wanda hayaƙin masana'antun duniya yake da hannu a ciki, ya sa ruwan wata guda yakan sauka a kwana biyu.

Ba a nan kaɗai ba ne. A watan Satumba na 2023 madatsu biyu suka ɓalle a Darna ta ƙasar Libiya, dubban mutane suka mutu. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye wani babban yanki na Maiduguri. A duka biyun ruwan sama ne ya sauka, amma a duka biyun an daɗe ana cewa madatsun suna bukatar gyara. Ruwa ba ya tsami banza.

Mun fito daga kwale-kwale, mai littafi ya goge abin da ya rubuta jiya. Kufan su Kawu shi ma ya koma kan layi.

Jinga

Da yammacin ranar ƙarshe abokinmu ya kai mu bayan gari, inda aka yi jinga. Tudun ƙasa ne mai tsawo, har yanzu ana ganin yagaggun buhuna a jikinsa. Ya ce a 2022, da ruwa ya tunkaro garin, matasa ne suka fito dare da rana. Wasu na cika buhu da ƙasa, wasu na ɗauka, wasu na cikin ruwa har wuya suna jerawa. Masu hali suka sayo buhuna, mata suka dafa abinci suka aika. Inda ya ɓalle da dare, a yi shela, kafin asuba an taru. Shi ma yana ciki, lokacin bai daɗe da gama sakandare ba, ya nuna mana tabon da shebur ya bar masa a tafin hannu. An yi asara a gefe-gefe, amma ruwa bai ci tsakiyar garin ba. Daga baya gwamnatin jiha ta kawo injinan da suke shiga ruwa suna yashe kogi suna tuge kacala, ƙauyuka kuma suna yin gayya da lauje da adda.

Muna tsaye a kan jingar sai muka tuna da dattijon bakin ganuwa. Ashe gayyar da ya ce ta mutu ba ta mutu ba, tana nan, sai dai ba ta tashi sai wuta ta kai gemu. Daga saman jingar kuma muna hango inda ruwa ya kwanta a bara: albasa ce da alkama da kankana, kore har iya ganinka. Lakar da ambaliya ta bari ita ta zama taki. A nan ne muka ga bambanci na gaske tsakanin ɓarnar biyu. Ruwa in ya ci, yakan bar wani abu a madadin abin da ya ɗauka. Igwar 1906 ba ta bar wa kowa komai ba sai marayu.

Abin da littafinmu ya nuna

A mota muna dawowa muka buɗe littafi. Gefen hagu akwai yaƙin 1906 da hare-haren ƙarni na 19. Gefen dama, inda muka zaci zai cika, babu abin da ya zauna shi kaɗai. Ganuwa da kufai da gonakin da kacala ta cinye duka suna kan layi, ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya can. Masu cewa ruwa ya fi ba su ci gardama ba. Mai cewa mutum ya fi shi ma bai ci yadda yake so ba, domin shi mugunta yake nufi, alhali yawancin abin da muka gani ba mugu ne ya yi shi ba. Wanda ya ɗebi ƙasar ganuwa ɗaki yake son yi wa iyalinsa. Wanda ya gina madatsa yunwa yake son kora. Wanda ya zuba shara a kwata sauri yake yi. Kowa ya yi nasa kaɗan, ba wanda ya waiwaya, ruwa ya zo ya haɗa lissafin.

Mun san wani zai ce ai duk ƙaddara ce. Haka ne, babu abin da yake faruwa sai da ikon Allah. Amma malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Wanda ya toshe magudana da hannunsa, in ruwa ya shigo masa ɗaki, ya fara tuhumar kansa.

Ga ɗan aikin da muke ba ku kafin damina mai zuwa. Ku sami wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su ta ina ruwa yake bi a da, da abin da aka gina a wurin yanzu. In garinku yana da ganuwa ko tsohuwar ƙofa ko kufai, ku je ku gani, ku rubuta abin da aka gaya muku tun masu faɗar suna raye. Ku dubi kwatar ƙofar gidanku da ta makarantarku, in ta cushe ku haɗa 'yan ajinku ku yashe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu zama kusa da kogi kuma, ku sa takardunku na makaranta a leda mai kauri ku rataye a sama, kuma in hukuma ta yi gargaɗin ambaliya ku karanta wa iyayenku. A cikinku akwai injiniyoyin da za su riƙe madatsun nan gobe. In kun kai can, ku tuna da mutanen da suke ƙasan kogi.

Muna godiya ga mutanen Haɗeja da suka karɓe mu hannu bibbiyu, suka cika mu da kifi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, na 1906 da na 2022, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya ba ku sa'ar jarrabawa. Sai mun ji daga gare ku.